Ba kowane "to" ba ne amincewa a wurin aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani abu da na daɗe ina gani a ofisoshin Abuja, wanda yake ɓata aiki da zumunci tsakanin ma'aikata ba tare da kowa ya ƙulla mugunta ba, wato bambancin yadda kowannenmu ya tashi ya ga ana magana a gidansu.

Tun da mazaunin gwamnatin tarayya ya dawo Abuja daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, ga kuma sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 da ya wajabta a dama da kowane yanki wajen rabon guraben aiki, ya zama ruwan dare ka tarar da Bakano da ɗan Inugu da 'yar Ibadan da ɗan Filato a ɗaki guda suna aiki a kan fayil guda. Turanci ya haɗa bakinsu, amma tarbiyyar magana kowa da tasa.

Kwanakin baya shugabar sashenmu, wadda ba Bahaushiya ba ce, ta ba wani matashi ɗan Arewa aikin haɗa rahoto, ta ce tana son sa ranar Alhamis. Yaron ya sunkuyar da kai, ya ja numfashi, ya ce, "To, ranki ya daɗe, in Allah ya yarda." Ni da nake gefe na ji yadda ya ja wannan "to" ɗin, na kuma san cewa alƙaluman da zai yi aiki da su ba su iso daga jihohi ba, saboda haka na gane cewa uzuri yake kawowa cikin ladabi. Ita kuwa alkawari ta ji, ta rubuta a littafinta ta wuce. Ranar Alhamis babu rahoto, aka ba shi takardar tuhuma, ita tana ganin ya yaudare ta, shi yana ganin an zalunce shi tunda a ganinsa ya nuna abin ba zai yiwu ba. Laifina a nan bai fi na kowa ƙanƙanta ba, domin na fahimci ɓangarorin biyu amma na yi kawaici, kuma har yau abin yana damuna.

Mu ma muna yi wa wasu irin wannan gurguwar fahimta. Akwai wata abokiyar aikinmu da takan shigo ta tambayi fayil kai tsaye, babu ina kwana, babu yaya iyali, muka daɗe muna ce mata mai girman kai, sai daga baya ta bayyana mini cewa a wurin da ta fara aiki, doguwar gaisuwa cin lokacin mutane ce.

Wani masanin al'adu ɗan Amurka, Edward Hall, ya yi bayani a 1976 cewa akwai al'ummomin da suke zuba dukan ma'ana a cikin kalma, akwai kuma waɗanda rabin saƙonsu yana cikin murya da fuska da shiru da sanin girman wanda ake magana da shi. Hausawa muna cikin na biyun, kuma ba na ganin wannan a matsayin aibi, domin kunya da kara su ne suke riƙe da gidajenmu. Sai dai akwai wurin da kewaye-kewaye yake jawo asara. A ranar 25 ga Janairu, 1990, wani jirgin saman Avianca da ya taso daga Kolombiya ya faɗi kusa da birnin New York bayan mansa ya ƙare, mutum 73 suka rasu. Matuƙan sun gaya wa masu kula da sauka cewa mai yana ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar da take ayyana halin gaggawa ba, kuma masu bincike sun lissafa wannan cikin musabbabin hatsarin. Ofis ba jirgin sama ba ne, amma albashin mutane da fanshon tsofaffi da maganin asibitoci duk ta kan teburanmu suke bi.

Saboda haka nauyi mafi girma yana kan shugabanni, domin na ƙasa ba zai iya duban idon na sama ya ce "ba zai yiwu ba" sai an buɗe masa ƙofa. Maimakon a tambayi ma'aikaci ko zai gama, wanda amsarsa kullum "to" ce, a tambaye shi me zai iya hana shi gamawa, a kuma yi tambayar a keɓe idan mai jin nauyin taro ne. Abin da aka yanke da baki a rubuta shi, ko da a dandalin WhatsApp na ofis ne, da ranar da sunan wanda zai yi. Mu kuma 'yan uwana, mu koyi cewa bayan "ranka ya daɗe" ana iya ɗora gaskiyar magana a fili, ladabin bai ragu ba.

Daga baya na samu shugabar tamu na warware mata abin da yaron yake nufi a ranar, ta janye takardar. A taron makon jiya da ta tambaye shi me zai hana aiki na gaba, ya ce har yanzu jihohi uku ba su aiko da nasu ba, nan take ta ɗaga waya ta kira su.

Na gode.

Wani ma'aikacin gwamnati,
Garki, Abuja.