Koken 'Yan Hayan Fagge Kan Sayar da Gidaje Alhali Muna Ciki

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Fagge,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamaninka, mu talakawanka mazauna gidajen haya a ƙasar Fagge muke kawo kukanmu gabanka. A cikinmu akwai teloli, da yaran shago na Kantin Kwari, da 'yan dako, da malaman makaranta, da direbobin adaidaita, da matan da mazajensu suka rasu suka bar musu marayu. Wasunmu a gidan haya aka yanke musu cibiya, a nan suka yi aure, a nan kuma suke aurar da nasu 'ya'yan. Mun daɗe muna kai wannan magana wurin masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, suna iya bakin ƙoƙarinsu, amma abin ya fi ƙarfin sulhun ƙofar gida. Shi ya sa muka haɗa baki muka rubuto.

Ba sai an gaya maka yadda Fagge take ba. Kwari tana nan, Singa tana nan, Sabon Gari da Ƙofar Wambai ba nisa. Kasuwa ta cika ta batse, tana shigowa cikin unguwa lungu bayan lungu. Gidan da jiya iyali shida ke kwana a ciki, yau an rushe shi an tayar da bene, ƙasa shaguna, sama ma'ajiyar atamfa da shadda. Galibi kuma hanyar ɗaya ce: tsohon da ya gina gidan ya rasu, magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa ɗaki-ɗaki, sai a ce a sayar a raba kuɗi. Ba mu ja da wannan. Dukiyarsu ce, Allah ne ya ba su, kuma a cikin magadan ma akwai marayu da mabuƙata kamar mu. Abin da ya dame mu shi ne, a duk cinikin nan ɗan haya ne na ƙarshen ji. Dillali ya sani, mai saye ya sani, shaidu sun sani, har mai shayin bakin layi ya sani. Shi kuwa wanda ke kwana a ɗakin, sai dai wata safiya ya ga baƙi sun shigo tsakar gida da igiyar awo, matarsa tana neman mayafi. In ya tambaya, a ce masa masu duba gini ne. Bayan mako biyu a kira shi zaure a ce an sayar, sabon mai gida yana son wurinsa ba kowa ciki, nan da ƙarshen wata.

Ɗaya daga cikin masu sa hannu a wannan takarda ya biya kuɗin shekara cif, da rasit a hannunsa, bai cinye wata uku ba aka ce ya tashi. Da ya nemi ragowar kuɗinsa, magada suka ce wanda ya karɓa ya rasu, kuɗin kuma an yi jinya da su. Ya je wurin mai saye, shi kuma ya ce gini ya saya, bai sayi bashin kowa ba. Har yau yana tsakaninsu kamar ƙwallo. Wata baiwar Allah a cikinmu ta shekara sama da ashirin a ciki da falo ɗaya. Da kuɗin adashinta aka sake kwanon ɗakin lokacin da yake yoyo, da gudummawarta aka haƙa sabon masai da tsohon ya cika, ita da maƙwabtanta suka haɗa kuɗi suka sa mitar wuta. Duk lokacin da aka yi aikin, mai gidan yakan ce, ku yi, Allah ya saka, za mu daidaita. Ranar da aka zo yi wa gidan kuɗi, wannan kwanon da wannan masan da wannan mitar duk sun shiga lissafi, sun ɗaga farashi. Ita ko sisi ba ta gani ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda wasunmu suka gani da idonsu: idan mutum ya ce a ba shi lokaci, sai a turo kafinta ya yaye rufin ɗakin da ke kusa da nasa, ko a cire ƙyauren zaure, ko a fara sauke bulo da yashi a tsakar gida inda mata ke girki, da damina, don dai ya gaji ya kwashe kayansa da kansa.

Allah ya taimake ka, wanda bai taɓa tashi daga gidan haya ba zai ɗauka kwashe katifa da tukwane ne kawai. Sabon mai gida shekara guda yake so a dunƙule, wani ma biyu. Dillali yana jiran la'adarsa, kashi goma cikin ɗari bisa al'ada, ban da kuɗin zirga-zirgar nuna gida da ake ba shi tun kafin a ga ɗakin. Ga kuɗin motar kaya, wanda kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne, da yawanmu kuwa ba ma albashin muke ɗauka ba, abin da rana ta bayar shi ake ci. Kuma a cikin Fagge ɗakin haya ƙarewa yake yi, tunda gidajen ne ke komawa shaguna. Sai mutum ya nausa Kurna ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa, wani har Rimin Kebe, ya koma biyan kuɗin mota safe da yamma zuwa kasuwar da a da yake takawa da ƙafa cikin minti goma. Yara a cire su daga makarantar boko da Islamiyya ana tsakiyar zango. Matar da ke kitso ko markaɗe ko tuyar awara a cikin gida, jarinta ai mutanen layin ne, ranar da ta bar layin ta bar sana'ar. Tsohon da ya shekara talatin a sahun gaba na masallacin unguwa ya koma inda ba wanda ya san sunansa, in ya kwanta ciwo ba mai leƙo shi. Ba mu ce mai gida ne zai ɗauke mana duk wannan ba. Amma bai kamata a ɗora mana shi cikin mako uku, kuma kuɗinmu yana hannun wani ba.

Mun tambayi malamanmu, kuma abin da suka karantar da mu a fili yake. Haya yarjejeniya ce mai ɗaure ɓangare biyu, kuma Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida, ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alƙawura. A mazhabar Imam Malik da muke bi, sayar da gida ba ya warware hayar da aka ƙulla aka biya, haka ma mutuwar mai gida ba ta warware ta. Mai saye ya sayi gini, amma amfanin ɗakin na tsawon watannin da aka biya an riga an sayar wa ɗan haya tun farko, ba a kuwa sayar da abu ɗaya sau biyu. Idan mai saye bai san da mutane a ciki ba, maganarsa tana wurin wanda ya ɓoye masa. Kuɗin hayar da mamaci ya karɓa ba a zauna ba, idan har za a tashi mutum, bashi ne a kan dukiyarsa, bashi kuma ana fitar da shi kafin a raba gado. Ga kuma hadisin nan da kowane ɗalibi ya haddace, cewa babu cuta babu cutarwa.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mu a banza ba. Idan ba a rubuta wani sharaɗi daban ba, mai biyan wata-wata yana da notis na wata guda, mai biyan shekara yana da na wata shida, bayan wannan kuma sai takardar kwana bakwai, sannan a je kotu. Alƙali ne kaɗai ke da ikon ba da umarnin fitar da mutum. Mai gida ba shi da hurumin watso kaya waje ko cire rufi da ƙofa da hannunsa. To me ya hana mu zuwa kotu? Ranka ya daɗe, ɗan dako in ya yini a kotu, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Da yawanmu ba mu da takardar yarjejeniya, da baki aka yi magana da dattijon da yanzu yake kabari, rasit ɗin ma wani a bayan kwalin sigari aka rubuta masa. Kafin a ɗaga zama sau biyu an rushe gidan. Sannan akwai kunya. Mutum ya girma tare da 'ya'yan mai gida, sun ci a kwano ɗaya, uwarsu ta goya shi, yaya zai aika musu da sammaci? Wannan kunyar ce ake ci da ita.

Maganin, a ganinmu, yana hannunka. A unguwanninmu ba a cika kammala cinikin gida ba tare da mai unguwa ya shaida ya sa hannu ba, mai saye da kansa ba ya samun natsuwa sai ya ga wannan hatimin. Roƙonmu shi ne ka umarci masu unguwanni kada su sa hannu a takardar cinikin gidan da ke da 'yan haya sai an kira 'yan hayan an zauna da su, ga mai sayarwa, ga mai saye. A wannan zaman a rubuta sunan kowa da ranar da kuɗinsa zai ƙare. Wanda yake so ya cinye watanninsa a bar shi ya cinye. Wanda ya yarda ya tashi da wuri, a cire ragowar kuɗinsa daga kuɗin gidan nan take, a damƙa masa a gaban shaidu kafin magada su raba, domin mun ga yadda kuɗi ke bi idan suka shiga hannu goma sha biyu. Mai biyan shekara a ba shi wata shidan da doka ta ba shi, a rubuce, kuma lissafin ya fara daga ranar da aka gaya masa.

Gyaran da ɗan haya ya yi da sanin mai gida, wanda zai bari a wurin, kamar rufi da masai da rijiya da siminti da mita, a sa magini ko kafinta amintacce na unguwa ya ƙiyasta abin da ya rage na darajarsa a biya shi. Ba mu ce a biya mutum fentin da ya shafa don bikin 'yarsa ba. Idan kuma mai saye yana gaggawa, yana so a ba shi wuri kafin wa'adi, to gaggawar tasa ce, shi ya kamata ya ɗauki nauyinta: ya biya la'adar dillali da kuɗin motar kaya, ya ƙara da abin da zaman ya ga ya dace gwargwadon daɗewar mutum a gidan. Wanda zai zuba miliyoyi a bene, wannan ba zai karya shi ba. Cire rufi ko ƙyaure ko yanke wuta da ruwa don a kori mutum kuwa, muna roƙo ka hana shi da kakkausar murya, duk wanda ya yi mai unguwa ya kawo maganarsa gabanka a ranar.

Akwai abu ɗaya da muke nema a matsayin alfarma, don mun san ba haƙƙinmu ba ne. Malamai sun gaya mana shuf'a, wato haƙƙin fifiko a kan bare wajen sayen gida, ta abokin tarayya ce a cikin mallaka, ɗan haya ba shi da ita. Duk da haka, idan za a sa gida a kasuwa, a fara gaya wa na ciki. Wani yana da ɗan'uwa mai hali, wasu za su iya haɗa kuɗi su biyu ko uku. Ko ba su iya ba, sun sami labari da wuri sun fara neman inda za su sa kansu.

Mu ma mun san akwai namu laifin. A cikin 'yan haya akwai wanda ake binsa kuɗin shekara biyu, akwai wanda ya lalata ɗaki, akwai wanda in an ba shi wata shida sai ya nemi shida a kai. Ba mu zo kare irin waɗannan ba. Wanda ake bi bashi a cire daga abin da za a ba shi, wanda ya ɓata ya gyara, wanda wa'adinsa ya cika aka sallame shi ya miƙa mukulli, mu da kanmu za mu tsaya a kan hakan. Mun kuma ɗauki alƙawarin daga yanzu duk wanda zai kama haya a cikinmu zai nemi takarda da shaidu biyu, duk gyaran da zai yi kuma a rubuta a sa hannu. Idan fadarka ta fitar da samfurin takarda guda da Hausa wadda kowane mai unguwa zai ajiye, da ta rage rigima mai yawa.

Muna roƙon ka sa rana ka tara mu da masu unguwanni da limamai da wakilan masu gidaje da dillalai, kowa ya faɗi nasa a gabanka. Kafin wannan rana kuma, akwai gidaje a layukanmu da aka riga aka karɓi kuɗinsu, an ba mutanen ciki kwanaki ƙalilan, a cikinsu har da mai jego da tsofaffi marasa lafiya. Mun ba masu unguwanninmu bayanin gidajen. Muna roƙo a dakatar da fitar da kowa daga cikinsu har sai ka saurare mu.

Allah ya ƙara maka imani da lafiya, ya taya ka riƙon jama'a.

Wassalamu alaikum.

Mu ne talakawanka,
'Yan haya mazauna unguwannin Fagge. Sunayenmu da sa hannunmu da dangwalen yatsun waɗanda ba sa rubutu suna cikin takardar da muka damƙa wa Dagaci.