An Ce Wa Matashi Ya Daina, Ba a Gaya Masa Abin da Zai Biyo Baya Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in taɓo wata magana da ake yawan farowa amma ba a cika ƙarasa ta ba, wato halin da mutum yake shiga a makonnin farko bayan ya ƙudurta barin istimna'i, abin da matasanmu suke kira zinar hannu. Ina kuma roƙon a sakaya sunana, domin a unguwanninmu na Jos kowa ya san ɗan gidan wane, ni kuwa malamin makaranta ne, ɗalibaina ma suna karanta jarida.

Ta fuskar hukunci malamai sun riga sun yi bayani. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi haramun ne, kuma ana kafa hujja da aya ta 5 zuwa ta 7 na Suratul Mu'minun. Ban zo in ƙara ko in rage a nan ba. Damuwata ita ce yaron da ya ji wa'azin ranar Juma'a, ya yi kuka, ya yi alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa, sannan zuwa daren Talata ya tsinci kansa cikin wani yanayi da babu wanda ya taɓa ambata masa, ya ɗauka ko dai jikinsa ya lalace ko kuma tubarsa ba ta karɓu ba.

Na san wannan yaro, domin ni ne shi. Na yi fiye da shekara goma cikin wannan ɗabi'a, kuma ta ƙara ƙarfi ne lokacin da babbar waya da datar dare mai araha suka shigo hannuna. Da na daina, abin da ya fara ƙaurace mini shi ne barci. Sai ƙarfe biyu na dare ta yi idona biyu, ina juyi a kan katifa, ina jin haushin karnuka daga nesa. Da rana kuwa na zama kamar busasshen kara kusa da wuta, ƙaramin abu ya isa in yi wa ɗalibi tsawar da daga baya nake jin kunyarta. Nakan ɗauki takardun jarrabawa in karanta amsa ɗaya sau uku ban fahimci komai ba. Ga nauyin kai, ga nauyin mara, ga wani ƙunci maras dalili da yake sauko mini bayan la'asar. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya zo ne daga baya, lokacin da sha'awar ta ɗauke gaba ɗaya na wasu kwanaki, har na fara lissafin cewa shi ke nan, ni da aure sai dai in ga ana yi. Bayan ta dawo kuma sai mafarki ya biyo, kuma duk wanda ya taɓa ɗora ruwan wanka da asuba a cikin sanyin Disamba na Jos, a gidan da kowa yake jin ƙarar bokitin kowa, ya san irin kunyar da nake nufi.

Duk waɗannan sun wuce, kuma da an gaya mini tun farko cewa za su wuce, da na huta da wahala mai yawa. Bayanin bai da wuyar fahimta. Mutumin da ya shekara goma yana amfani da abu guda a matsayin maganin barcinsa, maganin ɓacin ransa, da maganin kaɗaicinsa, ƙwaƙwalwarsa ta saba neman wannan sauƙin a lokaci sananne da wuri sananne. Sinadarin dofamin, wanda yake da hannu wajen sa mutum ya nemi abin da ya taɓa jin daɗinsa, yana motsawa tun daga ganin alamun abin, kamar kwanciya, kashe fitila da ɗaukar waya. Idan alamar ta zo amma abin bai biyo ba, sai jiki ya yi ta ƙorafi. Haka kuma damuwar da ɗabi'ar take rufewa, ko ta rashin aiki ce, ko ta faɗuwa jarrabawa, ko ta rikicin gida, sai ta fito fili tunda an ɗauke mata murfi.

Ya kamata kuma a bambanta wannan da halin mai barin giya ko ƙwaya. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, idan ya yanke lokaci guda, zai iya faɗawa cikin jijjiga da ruɗewa har ya rasa ransa, shi ya sa ake so ya daina a ƙarƙashin kulawar likita. Barin istimna'i ba ya kashe kowa, rashin daɗi ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a kundin cututtukanta na 11 da aka amince da shi a 2019 ya kuma fara aiki a Janairun 2022, ta sanya matsalar kasa riƙe kai a al'amuran jima'i ne a rukunin matsalolin kasa danne buƙatar zuciya, ba a rukunin jarabar kayan maye ba. Ta kuma sharɗanta cewa sai abin ya ɗauki kimanin wata shida ko fiye yana cutar da rayuwar mutum kafin a kira shi cuta, kuma jin nauyin laifi shi kaɗai bai isa a ce mutum yana da ita ba. Wannan yana da muhimmanci, domin da yawa daga cikin samarin da suke ganin sun kamu da mugun ciwo, abin da yake cin su tsoro ne da nadama.

A nan ne masu tallar magani suke samun kasuwa, kuma su ne suka fi ba ni haushi a cikin lamarin. A tashar mota da bakin kasuwa da lasifika, yanzu kuma a Facebook da TikTok, za ka ji ana jero illoli: makanta, ƙanƙancewar gaba, tsinkewar maniyyi, rashin haihuwa, mutuwar zuciya. Likitancin zamani bai tabbatar da cewa istimna'i yana makantar da mutum ko hana shi haihuwa ba. Abin mamaki ma, irin wannan jerin tsoratarwa ya yaɗu ne a Turai tun a 1760 ta hannun wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Tissot, likitocin can sun daɗe da watsar da shi, mu kuma ana sayar mana da shi a cikin gora. Ni kaina na kashe kusan rabin albashin wata a kan wani jiƙo da aka ce zai wanke mini mara, abin da na samu kawai gudawa ce ta kwana biyu. Wani kuma ya ce mini mafarkin da nake yi aikin macen dare ne. Ba na raina ruƙiyya, amma mafarki ga baligi halitta ce, shari'a ba ta ɗora masa laifi a kansa ba, wanka kawai ta wajabta idan ya ga maniyyi, kuma ba abin mamaki ba ne ya ƙaru ga wanda ya daina fitar da shi da hannunsa.

Abubuwan da suka taimake ni ba su da tsada. Na farkonsu, wanda ya fi sauran nauyi a wurina, shi ne raba ɗaki da waya. Bayan sallar isha'i nakan kai ta ɗakin mahaifiyata da sunan caji, ban kuma karɓa sai da safe, na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa don tashin asuba. Duk wani ƙarfin zuciya da nake taƙama da shi da rana ba ya kai ƙarfe ɗaya na dare idan wayar tana ƙarƙashin matashi. Na kuma lura cewa sha'awa idan ta taso tana kama da hadarin daminar garin nan, ya haɗu ya yi baƙi ƙirin kamar ba zai taɓa washewa ba, bayan ɗan lokaci kuma rana ta fito. Kuskurena a da shi ne kwanciya ina kokawa da ita. Da na koyi tashi tsaye, in yi alwala, in fita tsakar gida ko in ɗauki wani aikin hannu na minti goma sha biyar ko ashirin, sai na ga tana sauka da kanta. Na koma buga ƙwallo da yamma a filin makaranta, na kuma rage zaman teburin mai shayi da dare, domin shayi mai kauri da kofi suna ƙara hana barcin da dama ya yi ƙaura.

Azumi ma ya taimaka, kamar yadda ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka umarci matashin da bai da halin aure ya lazimci azumi. Sai dai wanda ya yi azumin Litinin da Alhamis, ya cika ciki da buɗa-baki, ya kwanta da waya a hannu, kada ya zargi azumin.

Akwai wata al'ada da nake ganin tana cutarwa fiye da amfanarwa, wato ƙidayar kwanaki. Na taɓa kai kwana arba'in, na zame sau ɗaya, sai zuciya ta ce mini tunda tulun ya fashe a sha ruwan kawai, na koma ciki na mako guda cur. Alhali kwana arba'in ɗin nan ba su ɓace ba, jiki ya riga ya koyi yin barci ba tare da abin ba, kuma sake dainawar ta fi ta farko sauƙi. Wani yayana da na daure na buɗe wa cikina ne ya nuna mini haka. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma kai maganar gaba ba, yakan dai tambaye ni lokaci zuwa lokaci, “Ƙanena, yaya jikin naka?” mu biyu kaɗai muka san jikin da yake nufi.

Amma ba komai ake jira ya wuce ba. Idan ƙuncin ya haura mako biyu, mutum ya daina jin daɗin komai, ya kasa zuwa aiki, ko tunanin kashe kansa ya fara zuwa masa, wannan ya wuce batun barin ɗabi'a, sai a ga likita ba tare da jinkiri ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin hauka, ana yin magani ta hanyar zama da tattaunawa, wani lokaci a haɗa da ƙwayar magani idan akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi. Haka nan zafin fitsari, fitar ruwa mai wari ko kumburin maraina ba alamun dainawa ba ne, gwaji suke buƙata a asibiti. Iyaye kuma su sani cewa aure garkuwa ne, amma wanda ya shiga shi da sabon kallon batsa yakan shiga da kayansa, kuma matsalar ba ta samari kaɗai ba ce, akwai 'yan mata da suke ciki, waɗanda kunya ta fi rufe wa baki.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware shafi guda ka haɗa likitan ƙwaƙwalwa da malamin addini su amsa tambayoyin matasa a kan wannan batu, a ba da damar aiko tambaya ba tare da suna ba, a kuma nemi likitan ya yi bayani dalla-dalla a kan barci, mafarki da ɗaukewar sha'awa, domin su ne tambayoyin da na rasa wanda zan yi wa a lokacin da nake buƙata.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Jos, Jihar Filato.