Zuwa ga ɗana a Kassala, kan maganar abincin kajinka

Assalamu alaikum, ɗana.

Ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Mu nan Gadarif sai godiya, innarka tana gaishe ka.

Na ga saƙonka cewa za ka riƙa ba 'yan tsakin da ka zuba rabin abincin da aka saba, saboda tsada. Maganar ta hana ni barci. Na sani, tun da yaƙi ya ɓarke nan Sudan a 2023 babu abin da bai tashi ba, daga dawa har umbaz, wato tunkuzar da ke ragewa bayan an matse mai, balle sinadarin haɗi da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan. Kuma abinci shi ke cinye kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Duk da haka, kada ka yi.

Kazar nama ba irin kajin innarka ba ce masu tono a bayan gida. Ɗan tsako mai giram 40 da 'yan kai ake so ya kai kilo 2 cikin kwana 35 zuwa 40, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Makon farko kada ka rage musu abinci ko kaɗan, don a nan hanji da ƙashi ke ginuwa. Ran kwana 7 ka ɗora su a sikeli, ya kamata nauyinsu ya ninka sau 4.

Ni na taɓa yin abin da kake shirin yi, kana ƙarami. Na rage awo, na cika da dusa, ina ganin na yi dabara. Ƙarfafa suka danne raunana a bakin mazubi, garken ya rabu, wasu manya wasu kamar tattabaru. Kaza ko ba ta ƙara nama sai ta ci abin da zai riƙe ranta, don haka duk kwanan da suka ƙara, buhu ne ke tafiya. Sai da suka haura kwana 50, abin da na tsimi da farko na biya shi ninki. Har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Akwai ragin da ke da amfani. A mako na biyu, in ka rage musu kaɗan na 'yan kwanaki, girman yakan lafa, zuciya da ƙafafu su samu su cim ma jiki. Hakan yana rage taruwar ruwa a ciki, da gurguncewa, da mutuwar farat ɗaya inda za ka tarar da mafi ƙiba a kwance rigingine. In ka sakar musu abinci bayan nan sukan rama abin da suka rasa, muddin ragin bai yi tsanani ba. Ka ƙara mazubai yadda duka za su ci lokaci ɗaya.

Sai zafin Kassala. Narkar da abinci yana ƙara wa kaza zafin jiki, saboda haka idan sun fara girma ka ɗauke mazubi tun da hantsi, ka mayar bayan la'asar, ka kunna musu fitila su ci da dare da asuba. Ruwa kuwa kada ya yanke ko na sa'a ɗaya, kuma ka ajiye tankin a inuwa.

In jarinka ba zai ciyar da su duka ba, ka sayar da wasu tun yanzu, ka ƙosar da sauran. Na ware maka buhu uku na dawa daga noman bana, ƙaninka zai sa a mota ranar Asabar. Ka aiko mini da nauyinsu na kwana 7.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.