Wasiƙa zuwa ga Babana a Sifen

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa, kowa a gida lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, tana gaishe ka.

Ba daga bakinka na ji ba. Ƙanwarka ce bakinta ya suɓuce, wai kai da abokan karatunka za ku hau jirgin ƙasa daga Madrid zuwa Sabiya, bikin Feriya na watan Afrilu. Na sa ta zauna ta nuna mini komai a waya.

Gaskiya dawakan sun burge ni. Ashe asalin bikin kasuwar dabbobi ce tun 1847, kara ce ta rikiɗe ta koma shagalin kwana da kwanaki. Da na ga mahayan nan sun ci ado, sai na tuna hawan daushe, kana bisa wuyana kana ja mini hula. In ka isa, ka tsaya gaban hasumiyar Giralda. Ta masallacin Ishbiliya ce, wato ita Sabiyar, kafin garin ya fita hannun Musulmi a 1248, yau ƙararrawar coci ce a samanta. Ka yi wa maginanta addu'a.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Rumfunan bikin sun haura 1,000, yawancinsu ba a shiga sai da gayyata, kuma wanda ya gayyace ka da abin sha zai tarbe ka. Rebujito suke ce masa: giyar inabi ce a cakuɗe da lemon kwalba da ƙanƙara. A ido lemo ne, ga sanyi, ga zaƙi, ga rana tana duka. Naman alade bai dame ni ba, wannan za ka gane shi. Amma kai na san ka da kunya, tun kana yaro ba ka iya mayar da hannun kyauta baya. Kawunka ma da kofi ɗaya na kara ya fara, ka kuma san inda muka je muka ɗauko shi.

Ban sayar da gonar bakin rafi don a miƙa maka kofi ka kasa cewa a'a ba. 'Yan'uwana babu abin da ba su faɗa ba da na tura ka, har yau wasu jira suke su ji labari. Sannan ka ɓoye mini tafiyar? Ni ne zan zama na ƙarshen ji?

To, ya wuce. Ka je, ban hana ka ba. Ka riƙe gorar ruwanka, kada ka sha abin da ba a gabanka aka buɗe ba. Ka ce musu kai Musulmi ne tun daga bakin rumfa, kafin a zuba.

Ka turo mini hoton farin doki in ka samu. Ka kira mahaifiyarka ranar Juma'a, ita ban gaya mata ba tukuna.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka