Taya ba taya ba ce kawai

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina zaune a mota ranar Laraba da yamma ina jiran lodi, rediyo a kunne, na ji baƙon da kuka gayyato yana amsa wa wani mai kira cewa wai babu laifi a haɗa tayoyin kamfani daban-daban a mota ɗaya, in dai lambarsu ɗaya. Har ya ƙara da cewa taya taya ce, duk baƙar roba ce. Mai gabatarwa bai ce masa uffan ba, ya ɗauki kira na gaba. Wallahi raina ya ɓaci, domin a tashar nan kaɗai motoci nawa ne suka kama gidanku a lokacin, kuma direba in ya ji abu a rediyo ya zauna masa ke nan.

Shekarata goma sha tara ina jan motar haya, yanzu Sharon nake ja tsakanin Kano da Katsina. Wannan maganar ta baƙonku ita ce ta kusa kashe ni da fasinjojina daminar da ta wuce.

Ƙafar baya ta hagu ce ta fashe mini, ƙusa ta yaga gefenta, ba ta karɓar faci. Kuɗin da ke hannuna ba su kai na irin wadda ke kan motar ba. Mai shagon ya ɗauko mini wata sabuwa fil a ledarta, ta wani kamfanin, ya nuna mini jikinta: 195/65 R15, daidai da tawa. Ya ce lamba ɗaya ce, ɗaura ka tafi. Na ɗaura. Kusan mako uku ina aiki a busasshiyar kwalta ban ji komai ba, sai ɗan ja da motar take yi gefe guda in na taka birki da ƙarfi, na ɗauka daidaiton ƙafa ne ya kwance.

Ran da abin zai faru, ruwa ya tare mu bayan mun wuce Tsanyawa. Ba gudu nake ba, Allah ne shaida. Wani mai babur ya faɗo titi daga hanyar gona, na taka birki, sai na ji bayan motar ya bar ni. Sitiyari yana hannuna amma motar ba ta jin maganata. Ta juya muka fuskanci inda muka fito, sannan ta gangara ta faɗa lambatu a kaikaice. Wata dattijuwa da ke kujerar tsakiya ta karye a hannu. Har yau ina ganin yadda ta riƙe hannun da ɗayan, tana salati a hankali, ruwa yana dukan gilashi, jikanta yana kuka a cinyarta. Ba ta zage ni ba, cewa ta yi ƙaddara ce, ɗana. Wannan kalmar ta fi zagi yi mini ciwo.

Da aka janyo motar, wani tsohon mai faci da nake kira Baba ya kwance ƙafafun baya biyu ya jingina su da bango kusa da juna. Ya ce zo ka gani da idonka. Zanen ɗaya layuka huɗu ne a miƙe, masu zurfi, da ruwa ke bi ya fice. Zanen ɗayar ƙanana ne a karkace, hanyar ruwanta ƙunci. Ya sa ni na danna farce a kan kowace: ɗaya ta ɗan nutse, ɗayar kamar na danna katako. Sannan ya ɗora sanda a kansu, sandar ta karkace, ashe ko tsawonsu bai zo ɗaya ba duk da lambar. Ya ce to a cikin ruwa ɗaya ta kama kwalta, ɗaya ta sake, ina kake so motar ta nufa?

Sai kuma ya goge ƙura ya nuna mini abin da baƙonku bai faɗa ba. Lambar ba ta ƙare a R15 ba. 195 faɗin tayar ne a milimita, 65 tsawon gefenta ne idan an kwatanta da faɗin, 15 girman wili ne a inci. Bayan su akwai wata lamba da harafi. Tawa ta asali 95 ce, ma'ana tana ɗaukar kilo 690. Wadda aka sayar mini 91 ce, kilo 615. Bambancin kilo 75 a ƙafa ɗaya, a motar da ke cika da mutane, but ɗinta cike da buhuna. Harafin kuma na gudu ne, T kilomita 190 a awa, H 210. To wace lambar ce baƙonku yake cewa ɗaya? Ta farkon kawai ya karanta ya rufe littafi.

Ban ce kowa ya sayi taya huɗu rana ɗaya ba. Na san halin da ake ciki. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta a ƙasar nan a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008, kusan duk tayar da muke takawa daga waje ake kawo ta, dala ta motsa ita ma ta motsa. Direban da ke biyan balas kullum ba shi da wannan ƙarfin. Amma ai akwai abin da ya kamata a gaya masa, kuma bai fi numfashi biyu ba: ƙafafu biyun da ke layi ɗaya, dama da hagu, su zama kamfani ɗaya, zane ɗaya, lamba ɗaya har ƙarshenta, cinyewarsu ma kusan ɗaya. In dole sai an haɗa, gaba biyu iri ɗaya, baya biyu iri ɗaya. Masu kyaun kuma a baya ake sa su, ba a gaba ba kamar yadda da yawanmu muka taso muna yi, domin gaba in ya zame kana da sitiyari, baya in ya zame sai addu'a.

Ga kuma 'yan kwatano, tsofaffin tayoyin da aka yi amfani da su a waje, waɗanda doka ma ta hana shigo da su amma ga su jibge a bakin titi. Can ne haɗin gambizar ya fi muni. Mutum zai tsinci guda huɗu daga kamfani huɗu, wata ma ta ƙasar sanyi ce mai hoton dusar ƙanƙara a jikinta, robarta mai laushi ce, an yi ta don hunturun Turai, a kawo ta kan kwaltar watan Afrilu. Lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a jikin taya su ne ranar haihuwarta, 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha faɗa cewa shekara huɗu ne wa'adinta. Ko wannan bai samu shiga shirin ba.

Abin da nake nema, ku dawo da maganar a mako mai zuwa ku gyara ta da bakinku, a daidai lokacin da kuka yi ta farko, don waɗanda suka ji ɓarnar su ji gyaran. Ku gayyato mai faci wanda hannunsa ya yi baƙi a sana'ar, ko direban da ya taɓa kwana a lambatu, su zauna kusa da mai takardar.

Sannan layin wayarku. Sau goma sha ɗaya na kira ranar, yana shiga ba a ɗauka. Amma tallan maganin basir sau uku kuka sa shi a cikin shirin rabin awa, kowanne har ƙarshensa.

Naku,
Direban Sharon, layin Kano zuwa Katsina.