Wasiƙa Daga Bakin Fadamar Argungu

Argungu, Jihar Kebbi,
Daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya Legas, ya cunkoso? Mu nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Ina rubuta maka wannan ne da rigar sanyi biyu a jikina, leɓe duk ya tsattsage, ƙura kuma ta rufe gulbi har ba a hango tsallake.

Saƙon muryarka ya iso tun makon jiya, sau uku na saurare shi. Da gangan na ƙi kiranka, don na san halinka tun muna Jami'ar Ɗanfodiyo, ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce maigidanku yana neman likitan dabbobi na biyu, albashi ya ninka abin da nake samu, ga ɗaki, ga mota mai kai ku gidajen masu karnuka. Sannan ka ƙara da tsokana, wai me nake yi duk yini ban da bin akuya da sirinji. To, tunda ka tambaya, sai ka yi haƙurin karatu.

Wurin namu ɗaki biyu ne da rumfa. Gaba shagon magani, baya teburin tiyata da mai walda ya haɗa mana, sai firji mai sola wanda na fi kula da shi fiye da babur ɗina. A rumfa akwai turaku huɗu da matsi na katako inda muke shigar da saniya idan ta ƙi tsayawa. Mu uku ne: ni, da wani yaro mai kama dabba da wanke kaya, da Baba, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Baba ya ga bushiyar 1983, annobar shanun nan, da idonsa. Mu a littafi muka karanta ta, aka ce mana an shelanta kawar da ita daga duniya a 2011, muka rubuta a jarrabawa muka wuce. Shi kuwa idan ya fara ba da labarin mushen shanu jere a bakin burtali, da Fulanin da suka wayi gari ba su da ko maraƙi, sai ka ga ya yi shiru a tsakiyar magana. Ni ne mai digiri, amma rabin abin da na sani yanzu a bakinsa na tsinta.

Shekaranjiya ina fitowa daga masallaci da asuba na tarar da wata tsohuwa zaune a ƙofa, jikanta riƙe da jar akuya a cikin baro. Tun magariba take naƙuda. Na ce, "Inna, me ya hana ku zuwa tun daren?" Ta ce sun ba ta ruwan kanwa, sun kuma kira mai ja ya ja. Na sa hannu na tarar da kan ɗan ya lanƙwashe baya, ƙafafu kawai ke hanya, an yi ta ja har an yi mata rauni. Na mayar da shi ciki, na juyo kan, na fito da shi ba rai. Na bayansa ya zo da rai. Da ya yi atishawa tsohuwar nan sai ta kama guɗa a ƙofar asibiti, gari ko gama wayewa bai yi ba. Ashe akuyar da 'ya'yanta su ne kayan ɗakin jikarta da za a aurar bayan Sallah. Ka tuna malaminmu da yake cewa fatar jar akuyar Sakkwato ce ake ratsa Sahara da ita, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko? Ina tuna maganar nan duk lokacin da na ga an kawo ta a baro, a galabaice.

Daga nan sai layi. Masu turka sun fara ɗaure raguna tun yanzu, Uda da Balami, kuma kowa so yake nasa ya cika ido da wuri. Sai su ɗura masa dusa safe da yamma, harawa kaɗan, ruwa sau ɗaya. Bayan 'yan makonni sai a kawo rago yana nishi yana miƙa, fitsari ya tsaya, tsakuwa ta toshe hanya. Idan an zo da wuri nakan yanke ɗan siririn bakin nan na mafitsara, fitsari ya ɓalle. Idan an kwana biyu ana ba shi jiƙo, mara ta riga ta fashe, sai dai a kira mahauci. Kaji, kuliyoyi, karnukan 'yan farauta da ƙaya ko haure ya yaga, wani lokaci dokin wani basarake da ciwon ciki ya kama cikin dare, duk ƙofa ɗaya suke shigowa. Na karnuka ba na wasa da shi. Duk wanda ya kawo kare sai na tambaye shi rigakafin hauka, duk yaron da kare ya ciza kuma sai na tsaya a kan iyayensa su wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, su wuce asibitin mutane a ranar, mu kuma mu ɗaure karen kwana 10 muna kallonsa.

Amma abin da ya fi cin ƙarfina a nan shi ne ciwon hanta. Ka san Argungu fadama ce. Ruwa na janyewa, an yanke shinkafa, sai garke-garke su gangaro, Gudali da Rahaji, suna kiwo a cikin danshi inda ƙananan dodon-koɗin nan ke rayuwa. Su ke ɗauke da tsutsar hanta, a jikin ciyawa saniya ke haɗiye ƙwayar, ta je ta zauna a hanta tana shan jini. Wata biyu, wata uku, sai ka ga saniya tana ci amma tana ramewa, ido ya yi fari, ƙarƙashin haɓa ya kumbura kamar an rataya mata gora. Kafin a kira ni, mai ita ya riga ya je kara ya sayi allura wajen mai tebur da ke baje magani a rana. Ya yi mata ta LA, wato allurar kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, ya ƙara da ibamektin, ya fasa kafso ja-da-yalo a ruwa. Ina yi masa bayani cewa ibamektin zalla yana kashe tsutsar ciki da ƙazwa amma ba ya taɓa ta hanta, albendazol kuma manyan kawai yake kamawa, ga shi ba a ba mai sabon ciki, yana kallona kamar na zo ƙwace masa saniya. Sannan nonon saniyar da aka yi wa allura jiya, shi za a dama fura da shi yau. Wannan maganar na yi ta har na gaji da jin muryata.

Abin da ya fara yi min aiki ba lacca ba ce. Wani Arɗo na ja har kwata da sassafe, na roƙi mahauci ya yanka mana hantar da aka ƙi. Ya ga abin da idonsa, fala-fala kamar ganye suna motsi a cikin jijiya. Bai ce uffan ba. Bayan kwana huɗu ya aiko ɗansa a kan babur, wai in zo in duba garke duka. Na san kai Babarbare ba za ka yarda a ce Bafillace na da wayo ba, amma mutumin nan shi ya koya min gane saniya mai sammore daga tafiyarta tun daga nesa, kafin in ciro ma'aunin zafi daga aljihu. Af, da na ambaci sammore: wani mai raƙumin huɗa ya zo sayen Berenil, wai maƙwabcinsa ya yi wa sa ya warke. Da ƙyar na shawo kansa cewa abin da ke warkar da sa yana iya kashe raƙumi. Ya tafi yana ƙunƙuni, amma bai saya ba.

Leda kuma kada ka tambaya. A watan jiya na buɗe tumbin wata karsana ta gefen hagu, tana tsaye, na yi ta zaro leda da igiya da tsumma har bokiti ya cika ya zube. Har silifas ɗin yaro na ciro. Mai ita ya rantse mayu ne suka kama ta.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba, don shi ne tushen amsar da zan ba ka.

Bara war haka annobar kaji ta shigo, Niyukasil, wadda wasu ke kira fakat. Ka san yadda take da hunturu: kaza ta yi zugum, kashi kore, wuya ya murɗe, kwana uku akurki ya zama kango. Da na ji ta ɓulla a wani ƙauye da ke kusa, sai na ɗauko rigakafin I-2 ɗin nan na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wanda ake ɗigawa a ido, na cika kula da ƙanƙara na tafi. Na shiga gida-gida da izinin mai gari, mata suka yi ta kamo min kaji da zabi. Baba ya ce min, "Likita, mun makara, cutar ta riga mu shiga." Ban saurare shi ba. Gani nake ko rabi na tsirar ai an rage asara. Ni da na san rigakafi yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, na kuma san ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, amma zumuɗi ya rufe min ido. Ko bayanin haka ban tsaya na yi musu ba. Kwana biyar bayan nan kaji suka fara zuba. A wurin matan nan lissafi a fili yake: likita ya ɗiga abu a ido, kaji sun mutu. Har yau ina zargin kaina cewa da takalmina da hannuna na ɗauki cutar daga wani gida zuwa wani.

Wata biyu ban iya bin hanyar ƙauyen ba. Yara suka sa min suna Mai-kashe-kaji. Abin ya yi min ciwo ba don sunan ba, sai don na san mene ne kaza a hannun mace a ƙauye. Ita ce kuɗin sabulu, ita ce kuɗin maganin zazzaɓin yaro, ita ake yankawa idan suruki ya zo. Ba ta jiran izinin kowa kafin ta sayar.

Daga ƙarshe Baba ne ya ja ni muka koma. Na tsaya a zauren mai gari na ce kuskurena ne, na faɗi dalili. Wata dattijuwa daga bayan zana ta ɗaga murya ta ce, "To wanga karo in za ka zo, ka zo tun kaji na da lahiya." Bana tun watan Oktoba na je, kafin iska ta juya. Gida tara kawai suka yarda. Na wanke hannu da takalmi a ƙofar kowane gida, suna kallo. Cutar ta sake zuwa makonni uku da suka wuce, ta share maƙwabta, gidajen nan tara kuwa ba su rasa abin kirki ba. Ranar kasuwa da ta wuce mata shida daga ƙauyen suka zo da kansu suna tambayar yaushe ne zagaye na gaba, na ce musu bayan wata huɗu. Ɗaya ta ƙara da tambayar ko akwai irinsa na awaki. Na ce akwai, na murar nan mai zawo da ke kashe su, kuma allura ɗaya tana kai shekara uku. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da za a kawar da ita kamar yadda aka yi wa bushiya. Ko za a cika alkawari, Allah masani, amma matar nan ta ce in rubuta sunanta.

To ka ji. Shekara huɗu ina roƙon mutane su zo kafin dabba ta kwanta, sai yanzu ƙalilan suka fara zuwa. In na tattara na taho Legas a wannan gaɓar, mai teburin kara ne zai gaje ni. Ba ina nuna maka ni waliyyi ba ne. Kuɗin da ka ambata ya hana ni barci dare biyu, uwargida ma ta ji saƙon, kuma ba ta goyi bayana ba, har yanzu maganar ba ta mutu a gida ba. Littafin bashinmu ya fi littafin ciniki kauri. Wani da zabuwa yake biya, wani da tiyar shinkafa, wani sai kaka ta zagayo. Akwai rugagen da a da nake kwana a cikinsu, yanzu la'asar ba ta yi min a can, ka san halin da ake ciki. Duk da haka ka ba maigidanku haƙuri, ka yi masa godiya, ka ce ba bana ba. In Allah ya kai mu baɗi ka sake tambayata, kada ka yi fushi ka daina.

Tunda ka nuna kana da hali, ga aike. Ka nemo min doguwar safar hannu ta duba ciki, kwali biyu, da zaren ɗinki mai narkewa, da ƙarfen huda tumbi ko guda biyu, nawa ya lanƙwashe tun damina. Ka ba direban motar Birnin Kebbi, ka turo min lambarsa, zan sa a karɓa a tasha. Ni kuma zan aiko maka da busasshen kifi da shinkafar gida, don na san abin da kuke ci a can.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa min kan yara. Baba yana gaishe ka, ya ce wai da gaske ne kuna yanke wa kare farce a biya ku? Na ce zan tambaya. Bari in kwanta, gobe da jijjifi zan karɓo ƙanƙara, mai kwale-kwale zai tsallakar da mu wajen garken Arɗo, kuma ya ce ba ya jiran kowa.

Naka har kullum,
Abokinka na Argungu.