Wasiƙa daga Madina kan Suwar Dahab

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya fama da ɗalibai? Allah ya yi jagora.

Ka ce yaranka na gardama kan ko soja zai iya karɓar mulki ya sake shi da kansa. Ba su labarin Janar Abdurrahman Suwar Dahab na Sudan. A nan Madina yake kwance. Ya rasu a Riyad ranar 18 ga Oktoba 2018, aka kawo shi maƙabartar Baƙi'a. Ka san yadda wurin yake: tudun ƙasa da ɗan dutse, ba suna ba allo, sai tattabaru na kai da komo.

Shi a wurinsa mulki ajiya ce, kuma aikinsa ne ya nuna haka. A ƙarshen Maris 1985 tsadar burodi ta fito da mutanen Khartoum kan titi, likitoci da lauyoyi suka shiga yajin aiki, shugaban ƙasa Ja'afar Numairi kuwa yana Amurka. Ranar 6 ga Afrilu Suwar Dahab, yana ministan tsaro, ya sanar cewa soja sun bi bayan jama'a. Ya kafa majalisar soja ta mutum 15, ya bar ministoci a hannun farar hula ƙarƙashin Dakta Jazuli Dafa'allah, shugaban ƙungiyar likitoci. Ya rushe hukumar tsaron Numairi, ya buɗe wa jam'iyyu ƙofa, ya yanka wa kansa wa'adin shekara ɗaya. Bai tsaya takara ba. Aka yi zaɓe a Afrilu 1986, a watan Mayu Sadiƙul Mahdi ya zama firaminista.

Amma don Allah kada ka tsaya nan, ka nuna musu inda ginin ya tsage. Dokokin Satumba na 1983, wato dokokin shari'ar Musulunci da Numairi ya kafa, waɗanda suka raba kan ƙasar, an bar wa majalisa mai zuwa. John Garang, jagoran 'yan tawayen Kudu, bai yarda da gwamnatin riƙon ba, yaƙin Kudu ya ci gaba, har mazaɓu 37 a can ba su kaɗa ƙuri'a ba. Sannan aka ware kujeru 28 don masu ilimi mai zurfi kaɗai, jam'iyyar 'yan kishin Islama ta Hasan Turabi ta kwashe 23, ta tashi da 51 jimilla. Jam'iyyar Umma ta Sadiƙul Mahdi ta zo ta ɗaya ba tare da rinjayen da zai ishe ta ba, sai gwamnatin haɗaka, a ɗinke yau a warware gobe. Ranar 30 ga Yuni 1989 soja ƙarƙashin Umar al-Bashir suka kifar da ita.

Wasu na cewa da ya ƙara shekara biyu ya gyara. Ni ban yarda ba, Malam. Da "bari in gyara" ake cin shekara talatin a kan kujera. Inda nake ganin laifin zamaninsa shi ne dokar zaɓen nan ta kujeru 28, domin a ƙarƙashinsa aka tsara ta. Kana iya gwada musu shi da Abdussalami, wanda ya miƙa a 1999 kafin ya cika shekara.

Bayan ya sauka sai ya koma aikin da'awa, gina masallatai da makarantu da rijiyoyi a Afirka, har aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 2004. Allah ya jiƙansa.

In Allah ya kawo ka umara, ana buɗe Baƙi'a bayan sallar asuba, sai mu shiga tare. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka a Madina